Yadda Ake Gano Abin da Ke Hana Giyar Otomatik Canzawa Daidai

Da zarar giyar mota mai otomatik ta fara gardama, maganar farko da mai motar kan ji ita ce, "Ai giyabos ya tafi, sai an sauke." Wannan magana tana ci mini rai, domin sau da yawa ana yanke hukuncin tun ba a zaro gejin mai an duba ba. Sauke giyabos yana cikin ayyuka mafi nauyi a jikin mota, alhali abin da ya hana giya canzawa kan iya zama mai ne ya ragu, ko waya ta tsinke, ko wata sensa guda ta mutu. Bincike yana da tsari. Daga waje ake farawa a shiga ciki, daga abin da ido ke gani zuwa abin da sai an kwance.

Kafin ka taɓa komai, ka riƙe yadda abin yake aiki. Giyar otomatik da mai take motsi. Akwai famfo a cikinta da inji ke juyawa, yana tura man giya da ƙarfi, matsin man nan ne ke matse faifan kuloci, waɗanda kanikawa ke kira faiba, su kama giyar da ake so. Hanyoyin da man ke bi suna cikin balbodi, wani faranti mai lunguna kamar gidan gara, kuma masu buɗe lungunan da rufe su su ne solinoyid, ƙananan ƙofofi masu aiki da lantarki. Su kuma solinoyid umarnin kwamfutar giya suke bi, ita kuwa kwamfutar ba ta ganin hanya, labarin da sensa suka kawo mata take aiki da shi: gudun mota, yadda ka taka totur, zafin mai da zafin inji. Tsakanin inji da giyabos akwai kwanbata, wadda ke miƙa ƙarfin inji ta cikin mai, shi ya sa motar ke iya tsayawa a D ba tare da ta mutu ba. Ke nan laifin giya yana ɗaya daga wurare huɗu: mai, saƙon lantarki, matsin mai, ko ƙarfen ciki. Na huɗun ne galibi ke tilasta saukewa.

Bayanin nan na giyar otomatik ta asali ce, mai kwanbata. Masu CVT, wato giyar da ba ta da matakai irin ɗaya, biyu, uku, da masu kuloci biyu suna da nasu halin, ko da yake maganar mai da ta kwamfuta ta shafe su su ma.

Mataki na farko: ka san me motar take yi

"Giya ba ta yi" ba bayani ba ne. Ka ɗauki kwana ɗaya ko biyu kana lura, ka rubuta. Jinkiri take yi kafin ta kama idan ka sa D ko ribas? Inji ne ke ƙara kuka, allurar juyin inji ta hau, amma gudu bai ƙaru ba? Wannan shi ne zamewa. Ko kuwa tana canzawa amma da bugu, kamar an bangaji motar ta baya? Ko ta maƙale a giya ɗaya ta ƙi gaba ta ƙi baya? Sannan babbar tambaya: da sanyin safiya take yi ko sai ta yi zafi? Matsalar da ke zuwa da sanyi ta tafi idan mota ta ɗumama takan nuna mai ya yi kaɗan, filta ta fara toshewa, ko robobin ciki sun bushe sun taurare. Wadda kuwa ba ta bayyana sai an yi tafiyar rabin sa'a takan nuna mai ya tsinke da zafi yana sulalewa ta wuraren da suka ci, ko wani solinoyid yana gazawa idan ya ji wuta.

Ka kuma tuna abin da aka yi wa motar kwanan nan. An canja batir? An wanke inji? An zuba mai? An shiga ruwa mai zurfi? Yawancin lokaci bakin zaren yana nan.

Mataki na biyu: man giya

A nan nake so ka fi daɗewa, domin man giya shi ne mai ba da labarin cikin giyabos ba tare da an kwance ko ƙusa ɗaya ba.

Ka tuƙa motar minti goma zuwa sha biyar ta yi zafi, ka ajiye ta a wuri mai daidaito, ba gangare ba, ka ja birkin hannu. Inji yana sulo, ƙafarka a birki, ka zagaya da sandar giya ta kowane matsayi, P, R, N, D har ƙasa, kana dakatawa daƙiƙa biyu ko uku a kowanne, ka dawo P. Sai ka zaro gejin man giya, ka goge da farin ƙyalle mara zare, ka mayar har ƙarshe, ka sake zarowa. A yawancin motoci inji yana aiki ake wannan awon, kuma mai ya kamata ya tsaya tsakanin alamomin zafi. Motocin Honda da yawa sun sha bamban: su sai an kashe inji, a auna cikin kusan minti ɗaya da kashewar. Wanda ya auna Honda irin awon Toyota, ko ya auna Toyota inji a kashe, zai samu amsar ƙarya. Littafin motar ne alƙali.

Sababbin motoci da yawa ba su da geji sam. Ana auna su ta wani rami a jikin giyabos, mota a ɗage a miƙe, mai yana wani takamaiman zafi da kamfanin ya ƙayyade, wanda sai da na'ura ake karanta shi. Idan taka irin wannan ce, kada ka yi kirdado.

Idan mai ya yi ƙasa, famfo yana shaƙar iska, matsi ya faɗi, giya ta yi jinkiri ko ta zame, musamman a kwana ko a hawa. Man giya ba ya ƙonewa ya ƙare kamar yadda na inji kan yi, saboda haka duk wanda ya ragu yoyo ya yi. Ka leƙa ƙasa: bakin kwanon giya, wurin da shaf ke shiga, bututun da ke zuwa lagireto, da mahaɗar inji da giyabos. Ciko ba tare da toshe yoyo ba zuba ruwa ne a kwando. Idan kuma mai ya wuce ƙima, ƙarafan da ke juyawa suna kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe matsi, sai ka ga alamomi iri ɗaya da na ƙarancin mai.

Yanzu ka dubi launi, ka shinshina. Lafiyayyen mai ja ne garai-garai, ko da yake wasu kamfanoni nasu ba ja ba ne tun asali. Wanda ya koma ruwan ƙasa amma babu ƙauri, tsufa ya yi, canji yake so. Wanda ya yi baƙi yana ƙaurin ƙuna, faiba ta ƙone a ciki. Ka murza ɗigo tsakanin yatsu biyu, idan ka ji tsaki-tsaki, abin da ya ci ne daga ciki ke yawo a man. Mafi haɗari shi ne wanda ya yi fari-fari da ja kamar an gauraya shi da madara. Wannan ruwa ne ya shiga, galibi ta bututun sanyaya man giya da ke cikin lagireto idan ya fashe. Ruwa yana ɓamɓare faiba daga jikin ƙarfenta. Idan ka ga haka ka kashe motar a nan, kada ka ƙara ko kilomita ɗaya.

Sai tambayar da mutane ke rainawa: wane mai aka zuba? Man giya ba iri ɗaya ba ne don kawai yawancinsa ja ne. Akwai Dexron na General Motors, Mercon na Ford, ATF+4 na Chrysler, T-IV da WS na Toyota, DW-1 na Honda, sannan NS-2 da NS-3 na CVT ɗin Nissan. Kowanne an haɗa shi da santsi da kaurin da ya dace da faibar da aka yi shi dominta. Na taɓa ganin motar da ta fara bugu da karkarwa sati guda bayan an canja mata mai, har mai ita ya fara neman wani giyabos, ashe man da aka zuba ba nata ba ne. Da aka zubar aka sa na ƙa'ida, aka maimaita, ta dawo hayyacinta. Sunan man yakan kasance a rubuce a kan gejin ko a littafin motar.

Abu guda game da baƙin mai mai ƙauri a giyar da ta riga ta fara zamewa: sabon mai ba zai mayar da faibar da ta ƙone ba. Wani lokaci ma zamewar kan ƙaru bayan canjin, sai a ɗora wa sabon man laifi, alhali ɓarnar ta riga ta auku.

Mataki na uku: abubuwan da ke kewaye da giya

Sau da yawa an bar jaki ana dukan taiki. Ka auna batir. Mota a kashe ya kamata ya nuna kusan bolt 12.6, inji yana aiki kuwa tsakanin 13.5 da 14.5. Wutar da ta yi ƙasa, ko wayar ƙasa da ta yi tsatsa, tana rikita kwamfuta da solinoyid. Idan kuma an cire kan batir kwanan nan, wasu motocin kan manta yadda suka saba canza giya, su yi 'yan kwanaki suna canzawa da tauri kafin su sake koyo. Wannan ba ciwo ba ne.

Ka saurari injin kansa. Injin da filogi ko kwayil ɗinsa ke yankewa yana karkarwa idan ya ɗauki nauyi, direba ya rantse giya ce. Sensar totur ko sensar iska idan ta yi ƙarya, kwamfuta za ta ɗauka ka taka da ƙarfi alhali a hankali kake, sai ta riƙe giya ta ƙi saki, ko ta saki da bugu. Salansar da ta toshe ma tana kashe ƙarfin inji har giya ta yi ta jinkirin hawa. A tsofaffin motoci masu wayar da ta taso daga totur zuwa giyabos, idan wayar ta saki ko aka ɗaure ta fiye da ƙima, lokacin canjin giya gaba ɗaya yana gocewa.

Ga wani da ba kowa ke kawo shi a rai ba. Motoci da yawa an tsara su kada su shiga giyar ƙarshe sai inji ya ɗumama. Idan an cire tamostat, ko ya maƙale a buɗe, ko sensar zafin ruwa tana cewa inji da sanyi, motar za ta yi ta tafiya ba ta shiga giyar sama ba, kuma giyabos ɗinta lafiya lau. Ka dubi allurar zafi, ka kuma tabbata ba a danna maɓallin O/D ba, wato mai kashe giyar sama, domin idan fitilar O/D OFF tana kunne, kai ne ka hana ta.

Idan sandar giya ta ƙi fita daga P, ka sa wani ya tsaya a baya ka taka birki. In fitilun birki ba su kama ba, makunnin birki ne ko fiyus ɗinsa, domin shi ke ba da izinin sakin sandar. Idan mota tana tashi a N amma ba ta tashi a P, ko harafin da ke dasbod bai dace da inda sandar take ba, ka nemi wayar sandar giya da makunnin da ke gefen giyabos. Idan kuwa ƙara ce "kwas" duk lokacin da ka sa D ko ribas, amma tafiya lafiya, ka duba robobin da inji da giyabos ke zaune a kai, ka kuma duba ko sulo ya yi yawa.

Mataki na huɗu: ka tambayi kwamfuta

Tun daga 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka suke zuwa da tsarin OBD-II, Turai ta bi baya a farkon shekarun 2000. Soket ne mai baki 16, yawanci a ƙarƙashin sitiyari. Ka jona na'urar da ke iya shiga kwamfutar giya, domin ƙananan na'urori da yawa inji kaɗai suke karantawa, sai su nuna maka P0700 su tsaya. Wannan lamba ba ta faɗi komai ba illa cewa kwamfutar giya tana da ƙorafi, ainihin ƙorafin yana can ciki. Ka rubuta lambobin duka kafin a goge. Goge lamba ba gyara ba ne, ɓatar da shaida ne.

Lambobin giya iri biyu ne, kuma bambanta su shi ne rabin aikin. Akwai masu maganar lantarki: P0705 makunnin matsayin sandar giya, P0715 sensar gudun shigar giyabos, P0720 sensar gudun fita, P0750 da P0755 solinoyid A da B, U0101 kuma yankewar magana da kwamfutar giya. Waɗannan labari ne mai daɗi, domin galibi ana gyara su giyabos yana jikin mota. Akwai kuma masu maganar aiki: P0730, da P0731 zuwa P0734 na giya ta ɗaya zuwa ta huɗu. Ma'anarsu kwamfuta ta ba da umarni, ta kwatanta gudun shiga da na fita, ta ga lissafi bai fito ba, wato wani abu yana zamewa. P0741 na cewa kulocin cikin kwanbata, mai haɗa inji da giya kai tsaye idan mota ta ɗauki gudu, bai kama yadda ya kamata ba, P0218 kuma giya ta yi zafi fiye da ƙima.

Lamba tana nuna unguwa ce, ba gida ba. P0720 ba ta ce lallai sensa ta mutu ba, tana iya zama soket ya cika da mai, ko ɓera ya ci waya, ko garin ƙarfe ya manne a kan sensar. Ka zare soket ka duba tsatsa da laima, ka bi wayar da hannu kafin ka sayi komai.

Motar da ta maƙale a giya ta biyu ko ta uku, ta yi nauyin tashi, fitilar D ko O/D tana ƙiftawa, yawanci kwamfuta ce ta kulle ta da gangan don kare giyabos bayan ta ga abin da bai yi mata ba. Ka kashe ka sake tayarwa. Idan ta koma daidai na ɗan lokaci sannan ta sake kullewa, zargi ya fi karkata ga lantarki.

Mataki na biyar: gwaji a tsaye da kan hanya

Mota da zafinta, ƙafa a birki, ka matsa daga N zuwa D kana ƙirga lokaci har ka ji ta kama. Littattafan gyaran Toyota da yawa sun sa ƙasa da daƙiƙa 1.2 ga D, ƙasa da 1.5 ga ribas. Wadda ke kai daƙiƙa uku ko huɗu tana da ƙarancin matsi ko faibar da ta ci. Idan D kaɗai ke jinkiri, kulocin gaba ne ake zargi. Idan ribas kaɗai, nasa kulocin. Idan duka biyun, ka koma ga mai, filta da famfo.

Sai ka hau hanyar da babu cunkoso, wani yana riƙe da na'ura a gefenka, ba kai da ke tuƙi ba. Ka taka totur a hankali kana ƙirga canji: ɗaya zuwa biyu, biyu zuwa uku, har sama. A kowane canji allurar juyin inji ya kamata ta sauko. Inda ta yi tsalle sama kafin ta sauko, a nan zamewar take. Shi kuma mai na'ura ya dubi giyar da kwamfuta ta umarta. Wannan dubawa ita ce mai raba gardama: idan kwamfuta ba ta ma ba da umarnin shiga ta uku ba, matsalar tana cikin labarin da ake kawo mata. Idan ta ba da umarni amma giyar ba ta shiga ba, sai a nemi solinoyid, balbodi ko faiba.

Ka gwada canzawa da hannu, daga L zuwa 2 zuwa D. Giyar da ke kamawa da hannu amma ta ƙi da kanta tana nuna ƙarfen ciki bai mutu ba tukuna.

Akwai karkarwar da ke zuwa a matsakaicin gudu, wajen kilomita 60 zuwa 80, totur a taɓe kaɗan, kamar ka hau hanya mai tsage-tsage. Don ka san ta kwanbata ce ko ta inji, ka riƙe totur yadda yake, ka ɗan shafi birki da ƙafar hagu, iyakar yadda fitila za ta kama. A motoci da yawa hakan yana sa kwamfuta ta saki kulocin kwanbata. Idan karkarwar ta ɗauke nan take, daga can take, kuma sau da yawa tsohon mai ko wanda ba na motar ba ne sila. Idan ta ci gaba, ka koma kan filogi da kwayil.

Mataki na shida: awon da ke buƙatar kayan aiki

Solinoyid ana auna shi da mita ta soket ɗin giyabos. A giyoyin Toyota da yawa masu buɗewa da rufewa kawai suna nuna om 11 zuwa 15, masu daidaita matsi kuma wajen om 5, amma kowace giya da nata adadin. Wanda mita ta nuna a yanke ko a haɗe ya mutu. Sai dai wanda ya ba da adadi daidai ma yana iya maƙalewa saboda datti.

Awon matsi shi ne mafi gaskiya. Ana ɗaura gejin matsi a ramin da aka tanada a jikin giyabos, a karanta a D da ribas, a kwatanta da littafi. Matsi ƙasa a ko'ina yana nuna famfo, filta ko bawul mai daidaita matsi. Matsi ƙasa a giya guda kaɗai yana nuna yoyo a hanyar wannan kulocin.

Akwai kuma gwajin da ake danne birki sosai, a tare tayoyi, a sa D, a taka totur har ƙasa a karanta inda allura ta tsaya. Idan ta wuce adadin littafi, faiba na zamewa. Idan ta gaza, inji ne ba ƙarfi ko kwanbata ta samu matsala. Gwajin nan yana dafa mai cikin ƙiftawar ido, kada ya wuce daƙiƙa biyar, kada kowa ya tsaya gaba ko bayan motar, a bar ta ta huce a N kafin a maimaita. Wasu kamfanonin sun hana shi gaba ɗaya, kuma ni ba na son a yi shi a giyar da manta ya riga ya yi ƙauri.

Mataki na bakwai: buɗe kwanon ƙasa

Idan giyar tana da kwano, wannan ne abu na ƙarshe kafin saukewa. A tara man a mazubi mai tsabta, a kwance kwanon a hankali, a dubi maganaɗisun da ke ciki. Laushin toka-toka kamar kwalli a jikinsa ba komai ba ne, kowace giya tana yin sa. Baƙin gari mai yawa kamar dusa faiba ce. Ƙyalƙyali ruwan zinariya tagullar bushi ce ko ta washa. Gutsattsarin ƙarfe da yatsa ke iya ɗauka kuwa, wani haƙori ko boris ya fashe. Kwano mai tsabta yana ba ka damar tsayawa a canjin filta, solinoyid ko wanke balbodi. Kwano mai gutsattsari, ko baƙin mai tare da lambar zamewa da matsin da ya faɗi, shi ne lokacin da maganar saukewa ta zama gaskiya.

Idan an kai nan, kada a ja motar da igiya tayoyin da ke ja suna ƙasa, domin inji a kashe famfo ba ya juyawa, ƙarafa za su yi ta gudu babu mai. A ɗora ta a kan motar ɗauka. Kuma ko gyara aka yi ko wani giyabos aka sa, a wanke bututun sanyaya mai ko a canja shi, a wanke kwanbata ko a sauya ta, domin dattin tsohuwar giya yana maƙale a cikinsu yana jiran sabuwa. Bayan an haɗa, a zuba man da kamfanin ya rubuta, a goge abin da kwamfuta ta koya a kan tsohuwar giya, sannan a fita da motar a hankali ta bi giyoyinta ɗaya bayan ɗaya, a dawo a sake auna mai da zafinsa.